Na Ƙi Kwanta wa Mahaucin Badun

Sai da muka bar Jibiya a baya na yarda na tsira. Kafin nan, duk ƙarar kofaton da na ji sai in waiwaya, ina cewa gardi ne, dogarin kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, ya biyo sawuna zai mayar da ni fasa dutse. A shekarar nan sau biyu ana kwasata aikin dole na hanyar mota, ba wanda ya tambaye ni ko hatsina ya nuna, ba wanda ya tambaye ni ko ina da lafiya. Da na ji ana shirin kwasa ta uku, sai na bi wani madugu mai suna Iro da ke neman masu kora masa shanu zuwa Kurmi, ƙasar Yarabawa, can cikin mulkin Ingilishi.

Sunana Labo. Bagobiri ne ni na Tibiri, kuma ba sai na faɗa ba, fuskata takan riga bakina. Wanzamin da ya yi mini zane bai yi rowa ba, ya ja shi tun daga gefen baki har kunne, hagu da dama. A Maraɗi na girma, gidan kawuna kusa da kasuwa. Akwai wani tsohon Bayarabe a kasuwar mai sayar da kwanuka da madubai, muna ce masa Baba Raji. Kowa a ƙasarmu ya san tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne irin na taubasai, ba gaisuwa sai zagi. In ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan da kyanwa ta yakushe, ni kuwa in ce barkono ya cinye masa hankali. In na faki idonsa na fizge hularsa, sai ya fanshe ta da goro. In shi ya riga ni, sai in fito masallaci in tarar takalmina ɗaya yana rataye a rumfarsa. Ranar da kawuna ya rasu, Baba Raji ne ya fara shiga kabari ya karɓi gawa, yana kuka yana cewa bawansa ya gudu bai sallame shi ba. Ni haka na san Bayarabe, na kuma ɗauka haka duniya duka ta san shi.

Abokin tafiyata Arzika ne, mutumin Jiratawa, ƙato mai sanyin hali. Anne ne, ba ya salla, yana da ƙaho da layu a ɗamara da ba ya bari kowa ya taɓa. Shi ma aikin dole ya koro shi. Kullum muna faɗa, ni ke faɗan, shi ke saurare.

Katsina ba ta zama mana baƙunta ba, bakinsu namu ne, furarsu tamu ce. Wahala ta soma ne da gonakin hatsi suka ƙare muka faɗa dajin Gwari. Madugu Iro yana bisa doki, mu muna ƙasa, takalman da ya yi mana alkawari kuwa har yau ban gan su ba. Ƙafafuna suka tsage har ina cusa kitse a faso in ɗaure da tsumma. Ƙudan tsando ya taso wa shanu, ya haɗa da mu. Guzurin gumba ya ƙare. Wata rana yunwa ta zaunar da ni gindin itace, sai ga wata Bagwariya da kaya a kafaɗa. Ta dube ni, ta sauke kayan, ta zaro doya gasasshiya ta ajiye a gabana, ta wuce abinta. Ban taɓa cin doya ba sai ranar. Na ci rabi da ɓawonta na kai wa Arzika saura.

A garin Jaba muka ga kogin Kwara. Arzika, wanda duk ruwan da ya sani Gulbin Maraɗi ne, ya tsaya baki sake. Shanu suka ƙi hawa gada, muka sha fama da su rana tana tsakiya. Da muka kai rabi sai na ga ya kwance wani ƙulli ya jefa cikin ruwa yana motsa baki. Na ce masa iskokin nan ba su jin Hausa. Ya ce, “Yunwa dai ɗaya ta, Labo, ko ina anka je.”

Ilori ce ta ƙarasa ruɗa ni. Mun shiga gari a galabaice, muka tsaya gaban wata mai tuwo. Tana ɗaga kai ta ga fuskata sai ta tafa hannu ta yi shewa, ta kira maƙwabtanta su zo su ga bawanta ya dawo daga gudu. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na ce mata in ba don tausayi ba da tuni na sayar da ita na sayi takalmi. Ta cika mana akushi da baƙin tuwon doya, ta ƙi karɓar ko anini. Barkonon miyar ya sa Arzika hawaye, ni kuwa na fita garin ina taƙama, ina ce masa ya gani, duk Kurmi gidan bayina ne. Ban san Ilori ta saba da mutanen arewa ba ne, kuma ba kowane gari ne Ilori ba.

Badun gari ne da ba ya ƙarewa. Ka hau tudu ka ga rufin kwano, ka gangara ka hau wani ka sake ganin rufin kwano. Muka sauka Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani dillalin shanu Bakano, Maigida Tanko. Da aka sayar da shanu, madugu Iro ya ce zai je tasha ya tambayo mana jirgin ƙasan komawa. Jirgin ya tambayo wa kansa. Ya bar saƙo wai ladanmu ya bi shanun da suka mutu a hanya. Na yi rantsuwa, na yi zage-zage, na harbi bango. Maigida Tanko ya bari na gama, sannan ya ce akwai zaure, akwai tuwo, in muna so mu riƙa kama masa igiya a kara, wato kasuwar shanu.

Haka muka zauna. Aikin ba ya fi ƙarfina, kewa ce ta fi ƙarfina. Ba fura, ba kiɗan da na sani, ba mai kiran sunana daga nesa. Yarabawa ga su nan ko'ina kamar ƙasa, amma ba mai ko kallon zanena. Su zo su taya sa, su yi ciniki da Maigida, su wuce ni kamar turke. Abin yana ci mini rai ƙwarai. A ce mutum yana tsakiyar taubasansa, a rasa mai zaginsa ko sau ɗaya!

Cikin masu sayen shanun Maigida akwai wani babban mahauci, Lasisi. Ba tsoho ba ne, amma yana da yaran aiki da yawa, kuma in ya shigo kara sai an ba shi hanya. Ran nan ya zo da sabuwar hula ta karan-miski ja, ya karya ta gefe guda. Yana ciniki yana ɗaga murya, sai na ji muryar sak ta Baba Raji, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na saki igiya, na zagaya ta bayansa, na fizge hular na kafa a kaina, na ce, “Kai bawa, wa ya ba ka izinin sa hula gaban ubangijinka? Kawo goro ka fansa!”

Na tsaya ina dariya ina jiran tasa. Kara ta yi tsit. Lasisi ya shafa kansa, ya dube ni, ban ga wasa a idonsa ko kaɗan ba. Ya kwarma ihu da Yarabanci, kalma ɗaya yake maimaitawa, daga baya na san ɓarawo take nufi. Kafin in buɗe baki yaransa sun rufe ni da duka. Arzika ne ya kutsa ya kwanta a kaina, shi ya sha rabin sandunan. 'Yan sanda suka zo suka ja ni, hular tana hannun ɗayansu a matsayin shaida.

Washegari da hantsi aka fito da ni daga ɗakin da aka kulle ni. Na tarar da Maigida Tanko da Arzika, da wani tsohon soja Bazazzagi da ake kira Kofur Mamman, wanda ke aikin tafinta a kotu. Maigida bai ko amsa gaisuwata ba.

Ya ce, “Ka san abin da ka jawo mini? Mutumin nan shi ke ɗauke rabin shanuna. Tun jiya nake gidansa ina ba da baki. Da ƙyar ya yarda a kashe maganar, amma da sharaɗi. Za ka zo kara gaban mahauta, ka kwanta rub da ciki yadda suke yi wa manyansu, ƙirji a ƙasa, ka ce ka yi sata ka tuba. Shi ke nan, ka tashi ka kama igiyarka.”

Na ce, “Maigida, mi kac ce? In kwanta ma wa?”

“Lasisi.”

“Ni Bagobiri in kwanta ma Bayarabe, in kuma ce ni ɓarawo na? Hular da na ɗauka rana tsaka gaban mutane ina dariya? Ɓarawo shina sa abin da ya sata bisa kai shi tsaya?”

Kofur Mamman ya yi murmushi ya gyara tsayuwa. Ya ce, “Samari, ni na san wasan nan, na zauna da Gobirawa a bariki. Amma nan ba a san shi ba. In ka ƙi, to maganarka za ta go bifo.”

Na ce mene ne kuma haka. Ya ce wata magana ce ta Ingilishi da ba a rabuwa da ita a bakin kotu. A fatar baki kamar a ce wucewa gaba ce, amma ba irin ta jagoran shanu ba. Nufinta a ɗauki mutum ko magana a ajiye gaban wanda ke da ikon yankewa, ya saurara, ya yanke. Mutum yana go bifo joji, rigimar gona tana go bifo, ko su manyan Turawa in abu ya fi ƙarfinsu sai ya go bifo na sama da su. Ya ce amma in sani, ba a faɗinta a kan hira ko shawarar abokai. Duk abin da ya go bifo ya fita hannun masu shi.

Ni duk bayanin nan kalma ɗaya ta tsaya mini. Na ce, “Kofur, ka ce shi saurara? Nasaran da kainai za shi bari in yi magana?”

“Zai bari. Doka ce. Sai ka faɗi naka kafin ya faɗi nasa.”

A ƙasarmu ban taɓa jin haka ba. Can gardi ke nuna ka da bulala, a wuce da kai kaso, wato gidan yari, ka gama kwanakinka ka fito ba ka san laifinka ba. Kumandan kuwa sai dai ka hango farar hularsa daga nesa ka cire taka. Sau biyu an ɗaure ni da igiya ɗaya da mutane an kai ni fasa dutse, ba a taɓa ce mini me ka ce ba. Yau ga wuri da za a ce mini me ka ce, a kuma ce in bar shi in je in shafa ƙirji a kashin shanu?

Na ce, “To a kai ni go bifon.”

Maigida ya buga tsaki ya ce in an ɗaure ni kada in sake tako ƙofar gidansa. Arzika ya matso, fuskarsa a kumbure saboda dukan da ya sha domina. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Labo, kwanta ka tashi, ƙasa ba ta cizo. Damana na tahe. Wa za shi shibka ma innarka? Ba wanda ya sanka nan. In munka koma gida, aradu ba mai jin wagga magana ga bakina.”

Maganarsa ta taɓa ni, don gaskiya ce, kuma innata ba ta da wani ɗa namiji sai ni. Amma na ce masa, “Ni na sani, Arzika. In na kwanta yau, kullum na ga Baba Raji sai in sadda kai. Ba ni iyawa.”

Ranar shari'a aka shigar da ni wani ɗaki mai tsawo, fanka tana lilo a sama. Jojin Nasara ne, saurayi ma, fuskarsa ja kamar gauta, gumi yana bin wuyansa. Aka ajiye hular a kan tebur. Lasisi ya faɗi nasa da Yarabanci, wani ya juya. Yaransa suka yi shaida. Sai Kofur Mamman ya dube ni ya ce, “To, ga ka ga shi. Faɗi.”

Na faɗa. Ban durƙusa ba, ban sadda kai ba, na dubi Nasaran cikin ido. Na ba shi labarin Tibiri da Maraɗi, da Baba Raji da takalmina, da mai tuwon Ilori. Na ce wasan nan kakanninmu suka bar mana, kuma Bayaraben da bai san shi ba shi ya kamata a tuhuma, don ya yar da gadon gidansu. Na daɗe ina magana. Kofur ya juya ta cikin numfashi biyu, abin da ya sa na harare shi.

Joji ya tambaya ko na ɗauki hular. Na ce na ɗauka. Ya tambaya ko mai ita ya ba ni izini. Na ce wannan ba ya bukatar izini, haƙƙina ne. Ya tambayi Lasisi ko ya san da wata al'ada haka. Lasisi ya rantse bai taɓa ji ba, kuma na yarda da gaskiyarsa. Sai joji ya ce ko akwai wani a ɗakin da zai tsaya mini shaida. Arzika ya miƙe, aka ce shi abokin tafiyata ne, bakinmu ɗaya. Na juya na dubi Maigida Tanko, mutumin da na tabbata ya san wasan nan tun yana yaro. Ya ce shi Bakano ne, bai shiga tsakanin Gobirawa da kowa ba. Ya faɗa yana kallon ƙafarsa.

Nasaran ya ɗan yi dariya, ya goge wuya, ya yi magana. Kofur ya ce, “Ya ce bai ga alamar mugunta a tare da kai ba. In za ka amsa laifin sata ka roƙi gafarar mai hula yadda ya nema, zai sallame ka yanzu.”

Na ji idon Arzika a ƙeyata. Na ce, “Kofur, hwaɗa mishi, kuma wagga karon ka hwaɗa duka. Na ɗauki hula, ban sata ba. In ɗauri na, shi ɗaure. Amma ba ni amsa sunan da ubana bai raɗa mini ba.”

Ya ɗaure ni kuwa. Watannin da ya yanke mini sun isa su cinye damina ɗungum. Da ake fita da ni Kofur ya ce mini a hankali, “Ka ga go bifo.” Na ce na gani, kuma ko ba komai yau Nasara ya zauna na yi magana yana saurare. Na faɗa da ƙarfin hali ne kawai.

Aikinmu a gidan yari yankan ciyawa ne a bakin hanya. A jera mu da langa-langa, gandiroba yana biye da sanda. Arzika ya gano inda ake kai mu, yakan zo ya tsaya tsallaken hanya, in gandiroba ya kau da kai ya jefo mini ƙuli-ƙuli ko ɓarin goro. Maigida ya kore shi shi ma, yana dako a tasha yana kwana inda ya samu. Da hadari ya fara haɗuwa kullum ta gabas, na ga yadda yake ɗaga kai yana duban sama, na san abin da ke ransa. Manomi ne, jikinsa yana nan, hankalinsa yana fadamar Jiratawa.

Na ce masa, “Tahi gida, Arzika.”

Ya ce ba ya barina. Na zage shi, na ce ganinsa ma ƙara mini zafi yake. Ya san ƙarya nake. Daga ƙarshe ya ce zai biya Tibiri, in ya gama tasa shuka zai jefa iri a gonar innata ko da rabi ne. Na ce, “In ta tambaya, ka ce mata an ɗaure ni. Amma ka hwaɗa mata ba sata ba.” Ya ce, “In mutane sunka ce Nasara ya ce sata ta fa?” Ya juya ya tafi, ina kallon faɗin bayansa har ya sha kwana.

Bayan tafiyarsa ne na san ɗauri. Ruwan Kurmi ba ya gajiya, ciyawar da muka yanke yau kafin mu zagayo ta sake tashi. Zazzaɓi ya kama ni ya sake ni ya kuma kamawa. Abin da ya fi cina shi ne tunanin Tibiri. Na san yadda labari ke tafiya, kafin ya kai gida an yar da hula an yar da wasa, saura Labo ya yi sata a Kurmi. Wani lokaci ina yanka ina tambayar kaina ko taurin kai ne kawai ya kai ni. Sai in tuna kashin shanun kara, in ƙara wa langa-langa ƙarfi.

Wata rana da safe muna yanka kusa da wata kasuwa, sai na ji murya daga bayana da Hausa, Hausar Yarabawa mai karkacewa: “Ina shi? Ina mummunan nan da kyanwa ya yi wa kitso a fuska?”

Na ɗago. Wata tsohuwa ce guntuwa, da ɗaurin kallabi ya fi kanta girma, tana dogara sanda. A bayanta Lasisi ne, yana tafe kamar wanda aka jawo da igiya, jar hularsa a kai. Ta zo har gabana ta ƙare mini kallo sama da ƙasa.

Ta ce, “Kai ne? Tir! Duk Gobir an rasa wanda za a aiko mini sai wannan ƙashi da rai? Wa ya ce ka gudu daga gidana, bawan banza? Ga shi nan an kama ka!”

Na buɗe baki in rama. Hawaye kawai na ji suna bin zanena. Ban yi kuka a hannun mahauta ba, ban yi a kotu ba, ban yi ba da Arzika ya tafi, sai ga ni ina yi gaban fursunoni don wata tsohuwa ta zage ni. Da ƙyar na haɗiye na ce, “Iya, wa ya kwance ki daga turke? Na bar ki kina daka mini barkono, kin biyo ni har nan?”

Ta yi shewa har tana buga sanda a ƙasa. Mutanen kasuwa suka fara taruwa. Gandiroba ya matso zai kore ta, ta juya ta yi masa wata tsawa da Yarabanci, ya koma ya tsaya.

Ta gaya mini ita yayar uban Lasisi ce. Ta yi shekaru tana fataucin zannuwa a arewa, har Ƙaura da Gusau, kuma ta ce ba garin da ta sauka Bagobiri bai ba ta masauki yana zaginta ba. Kwanan nan ta dawo gida ta ji labari. Ta ce ta tasa yaron nan gaba har wurin Kofur Mamman don a janye ƙara, Kofur ya ce musu abin da ya riga ya go bifo ba ya dawowa, sai na cika kwanakina. Na ce na sani, an gaya mini tun farko, kuma ni na zaɓa.

Sai ta juya wajen taron da ya kewaye mu, ta ɗaga murya. Ta yi magana mai tsawo da Yarabanci tana nuna ni da sanda, sannan ta maimaita da Hausa don in ji. Ta ce, “Wannan ba ɓarawo ba ne. Bawan gidanmu ne tun kakanni. Hular gidanmu duk nasa ne, in ya ɗauka a ba shi goro.”

Na ce, “Iya, kin yi daidai, sai wuri ɗaya. Ku ne bayin.”

Ba ta kula ni ba, ta riga ta koma kan Lasisi. Ban ji abin da take ce masa ba, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Babban mahaucin nan da ake ba hanya a kara ya tsaya yana sunkuyar da kai, yana amsawa a hankali. Ta ƙara ɗaga murya ta buga sanda. Sai na ga ya cire hular, ya tattare riga, ya miƙe rub da ciki a gabanta, ƙirji a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yadda suke yi wa manyansu in suna neman gafara.

Na san ba ni yake kwanta wa ba, gwaggonsa yake kwanta wa. Amma tsakanina da tsohuwar taku ɗaya ne. Na ajiye langa-langa, na fita daga layi, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita, yatsun ƙafata dab da goshinsa. Tsohuwar ta dube ni ta gefen ido, ta ƙunshe dariya, ba ta ce in matsa ba. Kasuwa ta ɗauki sowa.

Gandiroba ya zuba mini sanda a gadon baya don na bar layi, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Ban motsa ba sai da Lasisi ya tashi ya kaɗe ƙirjinsa.